Bayan MBA Sai Ina? Hanyoyin Ƙaro Karatun Kasuwanci da Ƙofar da Kowacce ke Buɗewa

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digirin farko, akwai abin da yake maimaita kansa a ofisoshin ɗaukar ɗalibai. Mutum zai shigo da fayil a hammata, manajan reshen banki ne ko mataimakin darakta a wata ma'aikata. Ya shafe shekara biyu yana wuni a aji ranakun Asabar da Lahadi har ya samu MBA ɗinsa, wato digiri na biyu na gudanar da kasuwanci, yanzu kuma yana son ya ɗora da digirin digirgir, wato PhD. Jami'in zai buɗe fayil ɗin, ya wuce kwalin digirin farko, ya wuce takardar bautar ƙasa, ya tsaya a kan MBA, sannan ya ɗago kai ya tambaye shi ina MSc, digiri na biyu na bincike. Daga nan sai a yi masa bayanin da ba wanda ya yi masa a lokacin da yake biyan kuɗin makaranta: digirinsa na biyu na sana'a ne, kuma a tsarin wannan jami'a ba ya kai mutum PhD kai tsaye.

Ruɗanin ya ƙaru daga 2023 zuwa yau, domin abubuwa da dama sun sauya a lokaci guda: darajar naira ta faɗi, Birtaniya ta ƙara tsaurara sharuɗɗan biza, gwamnatin tarayya ta sa ido kan kwalayen ƙasashen maƙwabta, ga kuma tallace-tallacen digirin dakta ta intanet da suka cika wayoyin mutane. Amma tushen ruɗanin ya girmi duk waɗannan. Yawancin mutane suna kallon karatu tamkar tsani guda, daga digiri na ɗaya a taka na biyu, daga na biyu a taka na uku. A fagen kasuwanci MBA mararraba ce. Daga kanta hanyoyi suke rabuwa, kuma kowace hanya da irin ƙofar da take kaiwa.

Kalmomin da suke rikita mutane

MBA digiri na biyu ne na gudanar da kasuwanci. An tsara shi ne domin wanda yake aiki, ko injiniya ne ko likita ko lauya, ya samu ɗan kowane fanni da manaja yake bukata: lissafin kuɗi, tallata haja, kula da ma'aikata, tsara dabarun kamfani. Faɗi gare shi fiye da zurfi, kuma da gangan aka yi shi haka. Aikin da ɗalibi yake rubutawa a ƙarshe galibi nazari ne kan wata matsala ta wani kamfani.

MSc kuwa fanni ɗaya yake kamawa ya nutsa cikinsa, kuma rabin nauyinsa yana kan dabarun bincike: yadda ake tsara tambaya, yadda ake tattara bayanai, yadda ake auna su da ƙididdiga, sannan a rubuta kundi a kare shi a gaban malamai har da na wata jami'a. PhD ci gaban wannan hanya ce. Abin da ake nema wurin mai ita shi ne ya ƙara wani abu sabo a kan abin da masana suka riga suka sani.

DBA ita ce digiri na uku na ɓangaren sana'a. Mai ita ma dakta ne, shi ma yana rubuta kundi, sai dai tambayarsa daga wurin aiki take fitowa, kuma amsar da ake so ita ce wadda kamfani ko ma'aikata za ta iya aiki da ita.

Sai takardun ƙungiyoyin ƙwararru irin su ICAN, ANAN, ACCA da CFA. Waɗannan ba jami'a ce take ba da su ba. Shaida ce cewa mutum ya ci jarrabawar 'yan wata sana'a, ya yi aiki na adadin shekarun da suka gindaya, sun kuma karɓe shi a cikinsu. Na ƙarshe su ne gajerun kwasa-kwasan shugabanni, na mako ɗaya zuwa 'yan watanni, waɗanda ake fita da takardar halarta kawai.

Inda rabuwar ta samo asali

Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara ba da MBA a 1908, lokacin da manyan kamfanonin jirgin ƙasa da masana'antu suke neman manajoji masu horo. Shekaru da dama makarantun kasuwanci sun tafi a matsayin wuraren koyon sana'a, tsofaffin manajoji suna koyar da abin da suka gani a aiki. A 1959 gidauniyoyin Ford da Carnegie suka fitar da rahotanni biyu da suka soki waɗannan makarantu da cewa ba su da zurfin ilimi irin na jami'a. Daga nan makarantun suka karkata ga bincike, suka fara ɗaukar malamai masu PhD a fannin tattalin arziki, ƙididdiga da halayyar ɗan Adam. Sai aka wayi gari da layi biyu a makaranta ɗaya: layin da yake horar da manajoji, da layin da yake horar da malaman da za su koyar da su.

Najeriya ta gaji wannan rabuwa, ta kuma ɗora ta a kan tsarin Birtaniya da ya fi ba kundin bincike muhimmanci. Shi ya sa a jami'o'inmu ake bambanta digiri na biyu na ilimi da na sana'a, kuma a yawancinsu sharaɗin shiga PhD shi ne digiri na biyu na ilimi da sakamako mai kyau, galibi maki 3.5 cikin 5 ko sama da haka. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun san wannan bambanci a tsarinsu na Faransanci, inda ake da digiri na biyu na bincike da na sana'a, kuma na binciken ne hanyar da aka saba bi zuwa digiri na uku.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. MBA tana daga cikin kwasa-kwasan da suke kawo wa jami'o'i kuɗin shiga, saboda ɗalibanta ma'aikata ne masu iya biya. Wannan ya sa aji yakan cika, malami ɗaya ya duba ayyukan ɗalibai masu yawa, horon bincike kuma ya yi ƙaranci. Sassan da suke ƙin karɓar MBA a matsayin sharaɗin PhD suna kafa hujja da wannan. Masu MBA kuwa suna cewa ai su ma sun yi darasin dabarun bincike sun rubuta aiki, kuma shekarun da suka yi a bakin aiki sun ba su tambayoyin da ɗalibin da bai taɓa riƙe ofis ba ba zai iya yi ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ya rage wa mai nema shi ne ya san cewa hukuncin yana hannun majalisar kowace jami'a, kuma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

PhD ko DBA

Ga mai MBA da ya nace sai PhD a cikin gida, hanyoyin da aka saba biyu ne. Ko dai ya koma ya yi MSc, wadda a takarda ba ta wuce shekara biyu ba amma yajin aiki da jiran malami mai duba kundi sukan ja ta, ko kuma ya samu jami'ar da take da matakin MPhil, digirin bincike na share fagen PhD, inda zai fara a matsayin ɗalibin gwaji, idan ya nuna ƙwazo a mayar da shi PhD. Idan aka haɗa da shekara uku zuwa biyar na PhD ɗin kanta, ana maganar shekara biyar zuwa bakwai ke nan na rayuwar mutum.

Wa ya kamata ya ɗauki wannan nauyi? Wanda yake nufin koyarwa a jami'a ba shi da wani zaɓi. A tsarin da jami'o'in Najeriya suke kai, da wuya malami ya kai matsayin babban lakcara ba tare da PhD ba, balle farfesa. Haka wanda yake son aikin bincike a Babban Bankin Najeriya, cibiyoyin nazarin manufofi ko hukumomin ƙasa da ƙasa. Amma ga wanda burinsa ya zama babban manaja a kamfani, PhD ba ta cika ƙara masa komai a albashi ba. Kwamitin da yake tantance shi zai fi tambayar nawa ya kawo wa kamfanin da ya baro, mutum nawa ya jagoranta, wace matsala ya warware.

Yana da kyau a san yadda aikin yake a zahiri, domin nan ne da yawa suke karaya. A MBA mutum ya saba da aji, abokan rukuni, jarrabawa a ƙarshen zango, komai da ranarsa. A PhD, bayan zangon farko ko na biyu, aji ya ƙare. Sai shi da tarin maƙalu, da babi na biyu da malami ya dawo masa da shi karo na huɗu da jan biro a kowane shafi, da takardun tambayoyi 400 da ya raba wa 'yan kasuwa aka dawo masa da 90. Babu wanda zai kira shi ya ce gobe ne wa'adi. Manajan da ya saba ba da umarni a yi cikin awa ɗaya, a nan shi ne mai zama a benci yana jiran malami ya fito daga taro. Ba ƙarancin basira ne yake hana mutane gamawa ba, yawanci rashin lokaci ne da kaɗaicin aikin.

A Amurka tsarin ya bambanta ta hanyar da take ba mutane mamaki. Manyan makarantun kasuwanci ba sa sharɗanta MBA ko ma wani digiri na biyu kafin PhD. Ƙarfin lissafi da ƙididdiga suke dubawa, da sakamakon jarrabawar GMAT ko GRE, da wasiƙun malaman da suka san aikin mutum. Wanda suka ɗauka galibi sukan yafe masa kuɗin makaranta su kuma ba shi alawus, amma karatun cikakken lokaci ne na kusan shekara biyar, gurabe kuma 'yan ƙalilan ne. Ga magidanci mai shekara arba'in da 'ya'ya a sakandare, wannan na nufin ajiye aiki da albashi. Ƙari a kan haka, tun 2025 Amurka take ta tsaurara matakan biza a kan 'yan Najeriya.

DBA ta zo ne domin cike wannan giɓi. Ana yinta ana aiki, ana haɗuwa lokaci-lokaci, kuma MBA ce sharaɗinta na asali, wato a nan takardar mutum tana da cikakkiyar daraja. Manajan masaƙa zai iya rubuta kundinsa kan dalilin da ya sa masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suke kasa riƙe ƙwararrun ma'aikata, ya yi amfani da bayanan da yake gani kullum. Masu goyon bayanta suna cewa irin wannan bincike ne ƙasa take bukata, wanda ba zai ƙare a kan kanta ƙura tana cinsa ba.

Masu sukarta suna da maganganu biyu. Ta farko, ingancinta ya sha bamban ƙwarai daga wata makaranta zuwa wata, fiye da yadda PhD take bambanta. Ta biyu, matsayinta a jami'a bai zauna daram ba. Wasu sassa suna karɓar mai DBA a matsayin malami, wasu suna cewa sai PhD idan ana maganar ƙarin girma. Harvard da kanta, wadda ta fara ba da DBA a 1953, daga baya ta mayar da shirin nata PhD. Saboda haka wanda yake da niyyar ƙare rayuwarsa a aji bayan ritaya, gara ya tambayi jami'ar da yake hari tun kafin ya biya kuɗin zangon farko, ya kuma nemi amsar a rubuce.

Takardun da doka ta san da su

A nan ne ake yawan raina abin da ya fi tasiri. MBA tana nuna cewa mutum ya fahimci kasuwanci, amma ba ta ba shi izinin sa hannu a kan komai. Rahoton kuɗin kamfani na shekara sai akanta mai rajista, wanda yake ɗauke da lambar Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi da aka kafa da dokar 2011. Hanyar zuwa can ita ce ɗaya daga cikin ƙungiyoyin akantoci biyu na Najeriya: ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta samu amincewar doka a 1993, take kuma da kwalejin horar da akantoci a Kwall kusa da Jos. Mai MBA da yake hangen kujerar babban jami'in kuɗi, ɗaya daga cikin waɗannan ta fi masa digiri na uku amfani nesa ba kusa ba. Rangwamen darussan da za a yi masa kuwa ya fi dogara ga digirinsa na farko, ko na akanta ne ko a'a.

Haka abin yake a sauran fannoni. Dillancin hannun jari a kasuwar Legas sai da jarrabawar cibiyar dillalan hannun jari. Ma'aikatan banki suna da CIBN, masu kula da ma'aikata suna da CIPM, masu harkar haraji suna da CITN. Wannan ta ƙarshen ta ƙara daraja tun da aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu a watan Yunin 2025, waɗanda aka tsara fara aiki da su a Janairun 2026. Duk lokacin da doka ta sauya haka, kamfanoni manya da ƙanana sukan shiga neman wanda zai fassara musu ita a aikace.

Daga waje akwai ACCA ta Birtaniya ga akantoci, da CFA ta Amurka ga masu nazarin zuba jari. CFA matakai uku ce, kowane mataki ana ba da shawarar a yi masa karatun awa 300, sannan sai an nuna awa 4,000 na aiki a fannin cikin aƙalla shekara uku. Ta yi suna wajen kayar da mutane, musamman a matakin farko. Ga masu aikin kwangila, gine-gine da ƙungiyoyin agaji akwai PMP ta gudanar da ayyuka, wadda take bukatar horon awa 35 da gogewar shekara uku ga mai digiri. Ita ce mafi saurin samu a cikinsu, kuma a ayyukan da masu ba da tallafi na waje suke ɗaukar nauyi, irin waɗanda suka yawaita a Borno da Yobe, ana yawan ganinta a cikin sharuɗɗan neman aiki.

Abin lura: duk waɗannan takardu ba a gama biyansu. Akwai kuɗin zama mamba kowace shekara da horon sabunta ilimi. Wanda ya tara huɗu ko biyar domin jera haruffa a bayan sunansa zai tarar yana biyan kuɗin ƙungiyoyin da ba ya aiki da su.

Fannin da arewa take da rinjaye a kai

Wata hanyar ita ce a ƙara digiri na biyu a fanni guda, a mayar da faɗin MBA zurfi. Nazarin bayanai, sarrafa jigilar kaya, kasuwancin noma da hada-hadar kuɗi duk suna cikin waɗanda ake nema. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, alal misali, na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, yana bukatar gogewar aiki ta shekara biyu, da alkawarin dawowa gida na shekara biyu bayan kammalawa.

Amma fannin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi. Ga kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da asusun fansho marasa ruwa. Matsalar wannan fanni tun farko ita ce mutane iri biyu ne a cikinsa: malaman da suka san fiƙihun mu'amala amma ba su san lissafin banki ba, da 'yan banki da suka san lissafi amma ba za su iya bambanta murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) da ijara (haya) ba. Mai MBA da ya taso da karatun allo da na zaure yana da rabin abin da ake nema tun daga gida. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin banki da kuɗi na Musulunci, Malesiya tana da jami'ar INCEIF da babban bankin ƙasar ya kafa a 2005, hukumar AAOIFI da ke Bahrain kuma tana da jarrabawar akantoci da ta masu binciken bin shari'a. Kasuwar ba ta kai ta bankunan da aka saba girma ba, guraben aikinta ma haka, sai dai masu takarar ba su da yawa.

Kwasa-kwasan shugabanni

Waɗannan ba sa bukatar dogon bayani. Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda ta fara a 1991, tana da shirye-shirye na manyan manajoji, na shugabannin kamfanoni da na masu kamfanin kansu. Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero da ta Jami'ar Ahmadu Bello suna kusa ga na arewa. Na Harvard da makarantar INSEAD ta Faransa kuɗinsu yakan kai dubun-dubatar daloli. A ɓangaren gwamnati akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru, wadda aka kafa a 1979, amma ita ba a sayen fom ɗinta, tura mutum ake yi.

Rabin abin da ake saye a irin waɗannan wurare abokan aji ne. Shi ya sa suka fi amfani ga wanda ya riga ya hau babbar kujera, kuma suka fi ma'ana idan ma'aikata ce ta biya. Matashin da ya sayar da fili domin kwas na mako biyu zai dawo da hotuna da lambobin waya na mutanen da ba shi da abin da zai yi musu.

Abin da ya sauya lissafi

Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Ma'anar wannan ga ɗalibi a fili take: jarrabawar da kuɗinta dala 1,000 ne ta tashi daga naira dubu 460 zuwa miliyan ɗaya da rabi, alhali albashi bai ninka uku ba. Idan aka faɗi kuma a sake biya. Wannan ya mayar da mutane da yawa ga takardun gida da ake biya da naira.

Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana ɗaliban digiri na biyu na aji tafiya da iyalansu, ta bar wannan dama ga masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Sakamakon shi ne wasu suka koma neman digiri na uku, ba don sha'awar bincike ba sai don kada su rabu da mata da 'ya'ya. Dalili ne da kowane magidanci zai fahimta, amma ba ya rage ko shafi ɗaya daga kundin da za a rubuta. Asusun TETFund ma, wanda yake ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati, ya dakatar da tura sababbin malamai waje daga farkon 2025, bisa dalilin tsada da kuma waɗanda suke ƙin dawowa. Wannan ya ƙara cunkoso a shirye-shiryen PhD na cikin gida, inda masu duba kundi dama ba su wadata ba.

Sai batun ingancin kwali. A Janairun 2024, bayan wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, ma'aikatar ilimi ta dakatar da tantance takardun jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya a shekarar ta ce sama da mutum dubu 22 suna riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Binciken ya fi shafar digirin farko, amma darasinsa ya kai ga na uku. Duk shirin da ya yi alkawarin dakta cikin shekara ɗaya, ba kundi, ba karewa, kuɗi kuma kashi-kashi ta waya, kwali yake sayarwa. A gida abin dubawa shi ne ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da jami'ar da kuma wannan kwas ɗin takamaimai. A waje ana duba amincewar hukumar ilimin ƙasar, sannan tambarin masu tantance makarantun kasuwanci na duniya, AACSB, AMBA ko EQUIS, kuma a shafin hukumomin ake dubawa, domin kowa yana iya manna tambari a tallarsa. Digirin girmamawa kuwa kyauta ce, ba karatu ba. Tun 2012 shugabannin jami'o'i suka yi matsaya a Keffi domin rage yadda ake rabonsa.

Masu cewa a dakata tukuna

Akwai ra'ayi mai ƙarfi, musamman a tsakanin masu ɗaukar ma'aikata, cewa abin da ya fi dacewa da sabon mai MBA shi ne ya rufe littafi na shekara uku zuwa biyar ya gwada abin da ya koya. Hujjarsu ita ce sai an yi aiki ake gane inda giɓin yake. Wani zai tarar lissafin kuɗi ne yake ba shi wuya, wani dokar haraji, wani kuma iya tafiyar da mutane, wanda ba kwalin da yake koyar da shi. Suna kuma nuni da cewa manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari, Singa da Dawanau suna juya dukiyar da ta fi ta kamfanoni da yawa ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu ba.

Ɗaya ɓangaren yana cewa lokaci ba ya jira. Karatu ya fi sauƙi kafin nauyi ya yi yawa, kuma a ƙasar da mutum ɗari suke neman kujera ɗaya, takarda ce take sa a kira mutum ganawa tun kafin a ji abin da ya iya. Suna ƙarawa da cewa kasuwancin gado da yawa a arewa yana rushewa bayan rasuwar mai shi, saboda babu tsarin da ilimin zamani yake koyarwa: raba kuɗin gida da na shago, rubuta yarjejeniya, shirya magaji.

Idan aka auna, maganar ɓangaren farko ta fi ƙarfi a kan digiri na uku da kwasa-kwasan shugabanni, ta biyun kuma ta fi ƙarfi a kan takardun ƙwararru, waɗanda jarrabawarsu take son kai mai sabo da karatu.

Yadda abin yake shafar mutane

Ma'aikacin gwamnati shi ya fi bukatar taka-tsantsan. Ƙarin kwali ba ya kawo ƙarin girma da kansa, domin ƙarin girma yana bin shekaru, gurbi da jarrabawa. Karatun da aka yi ba tare da izinin ma'aikata a rubuce ba yana iya ƙin shiga fayil gaba ɗaya. Amma a layin akantoci da masu binciken kuɗi, takardar ICAN ko ANAN tana da tasiri kai tsaye wajen kaiwa manyan matakai.

Ga mata, tsarin karatun yakan fi sunan kwalin muhimmanci. Shirin da yake bukatar kwana uku a wani gari kowane wata ya fi ƙarfin mai goyo ko wadda ba ta da mai tsaya mata a gida, yayin da jarrabawar ƙwararru ake iya shirya mata da dare bayan yara sun kwanta. Karatu daga nesa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, ya buɗe wa da yawa ƙofa, ko da yake kuɗin data da rashin wuta suna cin nasu rabon.

Iyali ma suna biya, ko da ba su ne suke zama a aji ba. Kuɗin DBA ta waje yana iya kai kuɗin karatun 'ya'ya biyu ko uku a jami'a, kuma ba kamar PhD ba, da wuya a samu mai ɗaukar nauyinta, domin an ɗauka mai yinta yana da albashi.

Shi kuwa mutumin da ya shigo da fayil a hammata, abin da yake gabansa bai wuce 'yan tambayoyi ba kafin ya sake sayen wani fom. Ya samo tallan aikin da yake so ya riƙe nan da shekara biyar, ya karanta sharuɗɗan da aka jera a ƙasa. Idan PhD aka rubuta, to MSc ko MPhil ce ta gaba, ya fara neman malamin da zai duba shi tun yanzu. Idan ICAN ko CFA aka rubuta, ba shi da abin yi a ofishin da ya shigo. Idan kuma abin da aka rubuta shi ne gogewar shekara goma da shaidar jagorantar ma'aikata, MBA ɗin da take cikin fayil ɗinsa ta riga ta cika sharaɗin karatun.